Magajiya Daurama da Matsalar Rubuta Tarihin Mata Domin Yara

Gabatarwa

Da wuya a sami yaron da ya gama makarantar firamare a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajida da macijiyar Kusugu ba. In an tambaye shi, zai kawo labarin tun daga fitowar baƙon daga Bagadaza, da zamansa a Barno, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, har ya zuwa daren da ya sare kan macijiya a Daura. Amma in aka ce ya faɗi wani abu game da sarauniyar da baƙon ya tarar tana mulkin garin, yawanci jawabinsa ba ya wuce cewa ita ce wadda Bayajida ya aura. Watau an san baƙo, an manta da mai gida.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ya kamata a rubuta tarihin shahararrun mata domin yara, tare da ɗaukar Magajiya Daurama a matsayin misali. An zaɓe ta ne saboda duk wata matsala da marubucin irin wannan littafi zai ci karo da ita tana tattare da labarinta: ƙarancin rubutacciyar shaida, da saɓanin ruwayoyi, da cuɗanyar tarihi da tarihihi, da kuma waɗansu al'amura masu nauyin faɗa a gaban yara. Abin da za a nuna shi ne, akwai isassun kayan aikin da za a gina tarihin Daurama a kansu ba tare da an yi mata ƙage ba, muddin marubuci ya san irin kowace kafa da yake ɗebowa daga gare ta, ya kuma sanar da yaron.

Abin da Aka Gada

Rubuta labarin mata nagari domin a yi koyi da su tsohon abu ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta tsara waƙa a kan mata masu albarka, wadda ta jero matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da waɗansu mata na jama'arta waɗanda masu sauraro suka sani ido da ido. Jajis ɗin da ta naɗa a ƙungiyar 'Yan Taru su ne suke kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka suna koya wa mata da 'yan mata. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, ta gwama na nesa da na kusa, don kada mai sauraro ta ɗauka cewa daraja ta ƙare a ƙasar Larabawa.

Da boko ya zo, hukumomin talifi da aka kafa a Zariya sun fi mai da hankali ga sarakuna da mayaƙa da malamai maza. Alal misali, Malam Bello Kagara ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya rubuta Kano ta Dabo Cigari. Macen da ta sami ɗan littafi nata na kanta a wancan zamani ita ce Amina ta Zazzau, wadda aka buga labarinta a 1954. Daurama kuwa kullum a cikin labarin Bayajida take fitowa, ko a littattafan tarihi ko a na koyon karatu, kuma da an ɗaura aure an haifi Bawo sai ta ɓace daga shafi.

Kafofin Tarihin Daurama

Kafa ta farko ita ce girgam, watau jerin sunayen waɗanda suka yi mulkin Daura, wanda aka adana a fada. E. J. Arnett ya buga fassarar wani tarihin Daura a 1910, H. R. Palmer kuma ya kawo jerin a cikin littafinsa Sudanese Memoirs na 1928. Abin da ya fi jan hankali a girgam shi ne, da mata ya fara. Ta farko ita ce Kufuru, sa'an nan sunaye irin su Gino, Yakumo, Yakunya, Gizirgizir da Innagari suka biyo, kafin a zo kan Daurama. Ruwayoyi sun saɓa wajen adadi da kuma lafazin sunayen. Wata ruwaya ta tsaya a kan Daurama a matsayin ta tara, ta ce ita Bayajida ya aura. Wata kuwa ta ci gaba da lissafi har sarauniya goma sha bakwai, ta haɗa da Gamata da Shata da Hamata da Zama da Shawata. Ana kiran sarautar tasu Magajiya, waɗansu kuma su ce Kabara. Girgam jerin sunaye ne, ba ya ba da labarin haihuwa ko ƙuruciya, amma ya isa ya nuna cewa mutanen Daura da kansu sun riƙe cewa mulkin mata ne mafarin ƙasarsu, kuma Daurama gadon sarautar ta yi.

Kafa ta biyu ita ce tarihihi, watau labarin da yake da tushe a tarihi amma baki ya yi masa ƙari da ragi a tsawon zamani. A nan ne ake samun labarin cewa asalin gidan daga Kan'ana yake, ya biyo ta Masar da Tarabulus, da cewa a Tsohon Birni aka fara zama, kuma Daurama ce ta taso da jama'a zuwa inda garin yake yanzu, har ya ci sunanta. A nan ne kuma ake samun rijiyar Kusugu da macijiyar da ake kira Sarki, wadda ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da tsohuwa Ayana wadda ta sauki baƙo.

Kafa ta uku, wadda marubuta suka fi yin sakaci da ita, ita ce sarautar Magajiya kanta, domin ba ta mutu da shigowar mulkin maza ba. A littafinsa The Affairs of Daura, wanda aka buga a 1978, M. G. Smith ya bayyana cewa kafin jihadi Magajiya mace ce daga gidan sarauta mai babban matsayi a tsarin mulki, tana iya ceton wanda sarki ya yi fushi da shi, tana kuma da ikon taka wa sarkin kansa birki in ya wuce gona da iri. Kusa da ita akwai Iya, ita ma sarautar mata ce. Lokacin jihadi, wajen 1805, an kori Sarkin Gwari Abdu daga birni, danginsa suka kafa mulki a Zango da Ɓaure, Malam Isiyaku ya zama sarkin Fulani na farko. A farkon zamanin Turawa aka mai da Malam Musa na Zango kan gadon Daura. Wannan dawowa ta tsohon gida ita ta sa tsofaffin sarautu da ruwayoyinsu suka rayu a Daura fiye da yawancin manyan masarautu. Saboda haka yaron Daura yana da abin da zai gani da idonsa: ga rijiyar, ga takobin da ake dangantawa da Bayajida a fada, ga bikin Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, ga kuma sarautar Magajiya.

Sake Karanta Labarin

In aka bi tarihihin a hankali, za a ga cewa Bayajida aiki ɗaya ya yi, cikin dare ɗaya. Duk sauran shawarwarin da labarin ya rataya a kansu Daurama ce ta yanke su. Da gari ya waye aka ga alamar an kashe macijiya, ba ta yarda da jita-jita ba, sai ta aiki manyan fadawanta su dubo. Ruwaya ta ce Galadima ya je bai iya kusantar bakin rijiyar ba, Ƙaura ne ya matsa ya taɓa ya tabbatar. Da ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, mutane da yawa suka fito kowa yana cewa shi ne. Sai ta nemi shaida, watau kan macijiyar da kuma ɗan'uwan takalmin da aka tsinta a bakin rijiya. Haka maƙaryata suka watse. Da Ayana ta kawo labarin baƙonta, aka kira shi, shaida ta tabbata, sarauniya ta tsaya a kan alkawarinta ko da yake mutumin baƙo ne wanda ba shi da kowa a garin.

Hatta zancen aure, wanda ake nuna shi kamar lada ce aka miƙa wa jarumi, yana da wata fuska. Baƙon ya ƙi rabin gari, ya ce aurenta yake so. Da ta amince, gari bai rabu biyu ba. Ruwaya ta ce al'ada ta hana Magajiya kusantar namiji, don haka ta ba shi baiwarta Bagwariya. Da baiwar ta haifi ɗa ta sa masa suna Karaf-da-Gari, watau an karɓe gari, sai Daurama ta fahimci inda aka dosa, ta warware hanin da ke kanta, ta haifi nata ɗan, ta sa masa Bawo, wanda ake fassarawa da a bayo gari. Sunayen nan biyu gardama ce a kan gadon sarauta, kuma Daurama ce ta ci. 'Ya'yan Bawo shida, Gazaura da Kumayau da Bagauda da Zamnakogi da Gunguma da Duma, su ne tarihihi ya ce sun mulki Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir. In an haɗa da Biram, ɗan da Bayajida ya haifa da 'yar Sarkin Barno a Garun Gabas, Hausa Bakwai sun cika. Ke nan shida daga cikin bakwai ta tsatson Daurama suka samo hujjar sarautarsu.

Duk wannan yana cikin labarin da kowa ya sani, ba a ƙara masa kome ba. Inda mai ba da labari ya tsaya ne kawai ya sauya. In ya fara daga Bagadaza, jarumi ne tauraro. In ya fara daga Daura, da gari mai ƙishirwa da sarauniya mai neman mafita, sai yaro ya ga shugaba mai bincike kafin hukunci, mai cika alkawari, mai tsare gadon gidansu.

Matsalolin da Marubuci Zai Fuskanta

Matsala ta farko ita ce ta shekaru. Yara suna son a ce musu an haifi wance a shekara kaza, malamai kuma suna son abin da za su tambaya a jarrabawa. Wannan yakan ja marubuci ya rubuta shekara kamar wanda ya gani a takardar haihuwa. Alhali kuwa shekarun da ake ba Daurama duk lissafi ne. Palmer ya ƙiyasta cewa Bagauda ya fara sarautar Kano a 999, to in an ɗauki Bagauda jikan Daurama ne, sai a ce ta yi zamani a ƙarni na goma ko kafinsa kaɗan. Haka kuma waɗansu masana, ciki har da W. K. R. Hallam a maƙalarsa ta 1966, sun nemi danganta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947, ko da mabiyansa da suka gudo kudu. Masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman kuwa sun yi suka ga ɗaukar labarin a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa, suna ganin daulolin sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da garuruwa da birane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri, ya kawo Bawo ne a matsayin bawan Sarkin Barno. Ba a bukatar a ɗora wa yaro wannan muhawara duka. Ya isa a ce masa masana suna ƙiyasin fiye da shekara dubu ke nan, a kuma nuna masa a taƙaice yadda aka yi lissafin.

Matsala ta biyu ita ce cike gurbi. Tarihin rayuwa yana son ƙuruciya, kuma ƙuruciyar ce ta fi jan hankalin yaro, ga shi kafofi ba su kawo ta ba. Marubuci yana iya ƙago wa Daurama ƙawaye da wasanni da maganganu, amma da zarar an buga, ƙagen ya zama tarihi a wurin ɗalibi, kuma kankare shi sai an sha wuya. Akwai darasi a labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransawa a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labari a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, har ya zama yawancin abin da jama'a suka sani game da ita daga ƙagaggen labarin ya fito. Ƙagaggen labari ba laifi ba ne in an kira shi da sunansa. Laifin yana ga wanda ya rubuta "tarihi" a bangon littafi sa'an nan ya zuba almara a ciki. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a cike gurbin da abin da aka tabbatar game da wurin da al'adunsa: yadda ake haƙa rijiya a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Daura, da matsayin maƙera, da aikin Galadima da Ƙaura a fada, da yadda ake naɗa Magajiya. Harshen Hausa kuma ya tanadi kalmomin rarrabewa. "An ce" da "wai" da "ruwaya ta nuna" suna da wurinsu, "an tabbatar" yana da nasa, kuma yaro ɗan shekara goma ya san bambancinsu tun daga gida.

Matsala ta uku ita ce abin da ke da nauyin faɗa. Zancen baiwa da ƙwarƙwara yana cikin labarin, kuma in an cire shi sunayen Karaf-da-Gari da Bawo sun rasa ma'ana. Ana iya faɗarsa da lafazi mai ladabi, tare da bayyana wa yaro cewa bauta al'ada ce ta wancan zamani wadda aka hana. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne laƙabin Banza Bakwai da aka ba ƙasashen da aka danganta da ɗan baiwar, watau Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari da Yarbawa da Kwararrafa. Littafin yara a aji ake karanta shi, kuma a benci ɗaya ana samun Bahaushe da Banufe da Bagware. Kowace daga cikin waɗannan ƙasashe tana da nata tarihin asali wanda bai ratsa ta Daura ba. Wajibi ne marubuci ya bayyana cewa wannan rabo ra'ayin masu ba da labarin ne game da maƙwabtansu, don kada littafin da aka rubuta domin ɗaukaka mace ɗaya ya zama sandar dukan 'ya'yan waɗansu.

Daurama a Tsakanin Takwarorinta

In za a tsara jerin littattafai a kan mata, yana da amfani a raba su bisa irin shaidar da ake da ita, domin kowane rukuni da irin rubutun da ya dace da shi. Daurama tana rukunin waɗanda tarihihi da al'adar fada suka adana. Amina tana gaba da ita kaɗan, domin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Muhammadu Bello ma ya ambace ta, ko da yake waɗansu masana suna kai ta ƙarni na goma sha shida a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Nana Asma'u kuwa ta bar rubutunta da Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Baba ta Karo, wadda ba 'yar sarauta ba ce ba kuma malama ba, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da bakinta, aka buga shi a 1954. Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001), wadda ta sha ɗauri saboda gwagwarmayarta a jam'iyyar NEPU, akwai jaridu da takardun hukuma da mutanen da suka yi zamani da ita.

Yaron da ya karanta waɗannan biyar bi da bi zai koyi abin da ya fi sunaye da shekaru, watau zai gane cewa sanin abin da ya wuce hawa-hawa ne. Zai kuma ga cewa tasirin mace bai tsaya ga takobi ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin an saba yabon Amina da cewa ta yi abin da maza suke yi, kamar dai mace ba ta isa a rubuta tarihinta ba sai ta hau doki ta yi yaƙi. Daurama ba a ba da labarin ta ja runduna ba. Da shari'a da shawara ta yi mulki, kuma wannan ya fi kusa da abin da yarinya za ta iya koyi da shi.

Harshe da Tsari

Littafin da za a rubuta wa 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare yana son gajerun jimloli da daidaitacciyar Hausa, amma kada a kore kalmomin fada don gudun wahala. Girgam da Magajiya da Ƙaura da Galadima kalmomi ne da ya kamata yaro ya sani, sai a bayyana kowace a inda ta fara fitowa. Kada kuma a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", domin da jin haka yaro ya san tatsuniya ce, zai kuwa ajiye Daurama kusa da Gizo da Ƙoƙi. Taswirar da ta nuna Daura da Tsohon Birni da Gaya da Garun Gabas za ta taimaka, haka ma hoton Kusugu kamar yadda take. Mai zane ya yi hattara da sa wa sarauniyar kayan da ba na zamaninta ba ko na wata ƙasa. A ƙarshen littafi, maimakon tambayoyin hadda kaɗai, ana iya sa yaro ya tambayi kakarsa yadda ta ji labarin, ya kwatanta da na littafi, ya kuma binciko ko akwai sarautar mata a garinsu. Yawancin ruwayoyin nan a bakin tsofaffin mata suke, kuma kowace tsohuwa ta rasu da nata take tafiya.

Kammalawa

An ga cewa tarihin Daurama yana tsaye a kan kafa uku, girgam da tarihihi da sarautar Magajiya, kuma kowace da gwargwadon nauyin da za ta iya ɗauka. An ga kuma cewa labarin da aka saba bayarwa da sunan Bayajida yana ɗauke da hoton shugaba mace cikakkiya, in an fara shi daga inda ya kamata. Aikin da ya rage na ɗaliban Hausa ne da malamansu, musamman waɗanda suka fito daga ƙasar Daura, Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, domin su ne suke da harshen da kuma hanyar shiga gidajen da ake ajiye da ruwayoyin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta tashi da sanin cewa jerin sarakunan garinsu da sunayen mata ya fara, ba za a yi saurin gamsar da ita cewa ilmi da shugabanci ba gadonta ba ne.